Tarihin Ɗigon Jinin da Ke Raba Gardama Kan Maganin Tari

Idan ka kai kukan tari asibiti likita ya hana ka antibayotik, ba rowa ya yi maka ba. Yawancin mura da tari bairos ne ke kawo su, shi kuwa wannan magani bakteriya yake kashewa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan sa ba bisa ƙa'ida ba zai sa ƙwayoyin cuta su bijire masa. Amma yaya likita zai gane wanda ke bukatarsa?

Amsar ta faro a 1930 a Amurka, inda William Tillett da Thomas Francis suka gano wani sinadari a jinin masu ciwon huhu. Sunansa CRP, hanta ce ke samar da shi, yana kuma hauhawa idan cuta ta tsananta. Daga baya aka ƙera na'urar da ke auna shi da ɗigon jinin yatsa cikin 'yan mintuna.

Wani binciken ƙasar Holan na 2009 ya nuna likitocin da ke da gwajin sun ba kashi 31 cikin 100 na masu tari antibayotik, sauran kuwa kashi 53, alhali murmurewar majinyata ba ta bambanta ba. A 2014 hukumar NICE ta Ingila ta shata iyaka: ƙasa da miligiram 20 a lita, a bar maganin, sama da 100, a bayar.

Sai dai gwajin ɗan rakiya ne ga binciken likita. Idan numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, garzaya asibiti.