Look: Tsohon Umarnin Unix Mai Buɗe Fayil Daga Tsakiya

A shekarar 1979 cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Murray Hill, a jihar New Jersey ta Amurka, ta fitar da bugu na bakwai na tsarin kwamfuta na Unix. Cikin ƙananan umarnin da suka zo tare da shi akwai look, mai aiki ɗaya tak: ka rubuta masa farkon kalma, ya zaƙulo duk layin da ya fara da haruffan nan. Idan ba ka ambaci fayil ba, sai ya duba jerin kalmomin Ingilishi da ke /usr/dict/words.

Kafin nan akwai umarnin grep, wanda Ken Thompson ya rubuta, kuma zai iya wannan aiki. Sai dai grep layi-layi yake bi, daga farko har ƙarshe. A kan PDP-11, na'urar da mutane da dama ke rabawa a lokaci guda, karance babban fayil saboda kalma ɗaya ɓarna ce.

Shi look tsakiyar fayil yake dira, kamar mai buɗe ƙamus. Da yake ba lallai ya faɗa a farkon layi ba, sai ya matsa zuwa layi na gaba, ya gwada shi da abin da ake nema, ya watsar da rabin da babu amsa a ciki, ya sake raba ragowar biyu. Fayil mai layi miliyan guda, tsalle wajen 20 ya ishe shi. Dabarar ta girmi Unix: John Mauchly ya yi bayaninta tun 1946, a laccocin Moore School da ke Philadelphia.

Saurin yana da sharaɗi, kuma a ganina nan ne ya kamata mai koyo ya tsaya. Dole fayil ya kasance a jere bisa tsarin da look ke kwatantawa da shi. In ba haka ba, ba ya kuka, ba ya gargaɗi. Shiru zai yi, kai kuwa ka ɗauka kalmar ce babu.

Wannan ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. A ƙamus ƙ na bin k, amma a lambobin Unicode, waɗanda look ke kwatantawa da su, ƙ da ɓ da ɗ duk bayan z suke. Ka jera kalmomi irin na ƙamus, ka nemi "lafiya": idan look ya dira kan "ƙasa", zai zaci ya wuce l, ya koma baya, alhali kalmar tana gaba. Maganin shi ne a jera fayil ɗin bisa lambobin da umarnin LC_ALL=C sort tukuna.

Har yau umarnin yana nan a BSD da macOS, a Linux kuma cikin kunshin util-linux, jerin kalmomin kuwa ya koma /usr/share/dict/words.