Galadanci da Tarihin Nazarin Nahawun Hausa

Nazarin nahawun Hausa irin na boko a hannun baƙi ya faro. Wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya fitar da littafin nahawu a 1862, bayan ya zauna a Ingila da Dorugu, yaron da wani matafiyi mai suna Barth ya tafi da shi Turai, yana ɗaukar Hausa daga bakinsa. Robinson ya biyo da nasa a 1897. Sun yi ƙoƙari, amma da ma'aunin harsunan Turai suka auna Hausa, kuma kunnensu bai kama karin sauti ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da ayyukan R. C. Abraham ne suka tabbatar da cewa hawa da saukar murya da tsawon wasali ginshiƙai ne a harshen.

Gagarumin sauyi ya zo a 1960, lokacin da F. W. Parsons, malami a Jami'ar Landan, ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji 7 bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Kowane Bahaushe ya san bambancin "ya kama akuya", "ya kamo akuya" da "akuya ta kamu", amma Parsons ne ya nuna cewa tsari ɗaya ne ke tafiyar da dubban kalmomi haka: wasalin "o" na jawo aiki zuwa wajen mai magana, "u" kuma na nuna aikin ya tabbata a kan abin da aka yi wa.

A wannan jami'ar Muhammad Kabir Mahmud Galadanci ya kammala digirinsa na uku a 1969, inda ya yi bincike a kan yankin suna a jimlar Hausa. Muhimmancin aikin a bayyane yake. Magabatansa sai sun tambayi mai harshe ko jimla ta zauna daidai, shi kuwa da nono ya sha harshen, ga kuma horon kimiyyar harshe. Ya bi diddigin abin da ke zuwa kafin suna da abin da ke bin sa: me ya sa ake cewa "wani farin doki" da "doki fari", amma ba a cewa "farin wani doki" da wannan ma'anar. Littafinsa na gabatar da nahawun Hausa, wanda kamfanin Longman ya buga a 1976, ya daɗe yana hannun ɗaliban jami'o'i da kwalejojin horon malamai.

Da Turanci aka rubuta littafin, kuma wannan giɓi ne na gaske ga malamin da zai koyar da Hausa cikin Hausa. Dauda Muhammad Bagari ya rage wannan giɓi da Bayanin Hausa a 1986, sai Mu'azu Sani Zariya da Tsarin Sauti da Nahawun Hausa a 1999. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda Paul Newman ya taɓa shugabanta, ta taimaka wajen daidaita keɓaɓɓun kalmomin fannin. Newman ɗin ya fitar da katafaren nahawunsa a 2000, Philip Jaggar kuma a 2001.

Ta hannun malaman da aka horar a Kano da Zariya wannan ilimi ya isa makarantun sakandare. A can malamin Hausa kan rubuta jimla a allo, ya ja layi da alli tsakanin yankin suna da yankin aiki, sannan ya sa ɗalibai su fitar da suna da sifa da aikatau, kamar yadda ake tambaya a jarrabawar kammala sakandare.