TASHAR JIRGIN DA AKA GINA DA KARA

Bari in fara da tona wa kaina asiri: saura ƙiris in hura wutar tuwo da tarihin kakannina, kuma da hannuna.

Hutun ƙarshen shekara ne muka tafi gida Jama'a, can ƙasar Gwarzo, ni da yara. An gama girbi, kara jibge ko'ina. Yaron nan na wajena, na farin (ba sai na kama suna ba, kin san al'ada), ya tare a bayan rumbu kwana uku cur, daga shi sai reza da karan dawa da gwangwanayen madara da tsofaffin silifa. Ko abinci sai an yi ta kira. Ran na huɗu na fito na ga tsakar gida kaca-kaca, raina ya ɓaci, na tattara tarkacen nan na nufi murhu da su. Ai kuwa sai yaro ya fasa kuka kamar an yi mutuwa.

Kakata ce ta cece shi. Tana zaune kan tabarma tana jan carbi, ta ce, “Ke 'yar nan, ajiye masa kayansa. Bari mu ga abin da maigidan nawa yake gina mini.”

Ashe tashar jirgin ƙasa ta Kano yake son kwaikwaya. Sau ɗaya ya taɓa ganinta, ran da muka wuce za mu Sabon Gari, sai kuma hotuna a wayar babansa. Ya jera wa Kaka abin da ya yi a kan wani tsohon ƙyaure. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, “Maigida, wannan ai tashar mota ce ka sa wa jela. Ina tankin ruwa? Ina dala? Ina jakuna?”

Yaro ya yi tsuru-tsuru. Ni ma uwar tasa na yi tsuru-tsuru, domin da ni ya tambaya, ba ni da amsa. Daga ranar muka zama mu uku a kan aikin: Kaka da abin da ta gani da idonta, ni da tambayar manya da binciken littattafai, shi kuma da hannunsa. Abin da muka samo ne zan ba ki, bi da bi, yadda muka gina shi.

Da dogo muka fara. Ya tsaga kara gida biyu, ya shimfiɗa layi biyu, ya jera tsinken ashana a ƙarƙashinsu. Wannan dogon yana da mafari. Turawa sun ci Kano a 1903. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka ɗauko aikin layin dogo daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, aka miƙo da shi ta Minna da Zariya. Ya iso Kano a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe shi don ɗaukar kaya da mutane a 1912. An haɗa shi da layin da ya taso daga Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,100 ke nan. Kafin a gama gadar Jabba a 1916, sai an ɗora taragai a jirgin ruwa an haye da su Kwara.

Kada ki ɗauka inji ne ya yi aikin. Mutane ne. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake tara majiya ƙarfi, da wanda ya so da wanda bai so ba, su sari ƙasa da diga, su ɗauke ta a kwando bisa kai. Shi ya sa har yau tsofaffi in sun ce “aikin diga” kin san wahala suke nufi. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ma ya yi waƙa a kan wannan aiki, ita ce ake kira Waƙar Diga. Da na faɗa wa yaro haka sai ya ce ashe ba a yin dogo a kan ƙasa tsirara. Ya ɗebo laka ya yi tudu dogo, ya yayyafa tsakuwa, sannan ya mayar da layinsa a kai.

A nan muka yi karo da maganar awo. Ya ƙera jaki da yumɓu, jakin ya fi kan jirgin girma. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan jakin ko Sarki ba shi da irinsa. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe na tsohon dogon nan ƙafa 3 ne da inci 6, wato kusan tsayin jakinmu na gida daga ƙasa zuwa gadon baya. To, shi ya bar faɗin yatsa biyu tsakanin layukansa. Ke nan jaki yatsa biyu zai zama, mutum yatsa uku da ɗoriya, komai kuma a auna shi da wannan. Ya rushe ɗakin sayar da tikiti, ya sake shi. Yaron da malaminsa ke kukan ba ya gane lissafi, sai ga shi yana ninkawa yana rabawa ba wanda ya sa shi. Na ji an ce a Turai manyan mutane da furfurarsu suke wannan wasa. A birnin Hambug na Jamus akwai gida guda da aka buɗe a 2001 don irin waɗannan ƙananan jirage da tashoshi, komai an rage shi sau 87, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Mu kuwa a nan shara muke ce masa.

Sai kan jirgi. Ya yi shi da gwangwani, ya yanka ƙafafu daga silifa. Kaka ta ce a sa masa bututun hayaƙi, don jirgin zamaninta da wuta da ruwa yake tafiya. Ana zuba masa kwal, wanda ake haƙowa a Inugu, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Saboda haka tasha ba ta yiwuwa sai da tanki a sama. Daga baya ne aka kawo masu shan dizal. Ya kafa kara huɗu, ya ɗora gwangwanin tumatir, tanki ya samu. Ya kuma tambayi inda zai sa ganuwa. Muka ce can gefe, domin a wajen birni aka yi tashar, gabas da badala, kusa da Fagge. Kantunan Turawa da na Kwarori suka kewaye ta, Sabon Gari ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Kusan duk Kanon da ke wajen badala ta wannan ɓangaren, a gindin tashar nan ta girma.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. Turawa ba don gyaɗa suka jawo dogo ba. Auduga suke nema don masaƙun ƙasarsu. Amma Bakano ya riga su sanin darajar audugarsa: masaƙa da marina na gida suna sayenta da farashin da Bature ba zai iya biya ba. Gyaɗa kuwa ana nemanta a Turai don yin mai da sabulu, ƙasarmu mai jigawa tana karɓarta, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, in kasuwa ta ƙi a ci abinta a gida, harawarta kuma dabbobi su ci. Ga haraji da aka ce sai da tsabar kuɗi. Fataken goro, waɗanda suka san kowane ƙauye da kowane dillali, su suka shiga tsakani, suna ba da kuɗi tun kafin kaka. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Bature ya shimfiɗa tabarma don auduga, gyaɗa ta zo ta zauna.

Cikin fataken nan wanda ya fi suna shi ne Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya dawo ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a 1955. Da sunansa ake haɗa dalar gyaɗa. Ita kuwa dalar, da muke gani a hoto muna alfahari, dalilinta shi ne gyaɗa ta fi ƙarfin jirgi. Layi ɗaya ne tak, taragai ba su isa ba, sai a jera buhuna a fili su yi wata da watanni suna jiran layi, in damina ta kawo kai a lulluɓe su da tamfol. Dala guda takan ci buhu har 15,000. An yi su a Ƙofar Mazugal da Birged, har da Malam Madori a kan layin Nguru, wanda aka gama a 1930.

Kaka ta gan su da idonta, bayan samun 'yancin kai da kaɗan, da aka kai ta birni sayen kayan aure. Ta ce ta ɗauka duwatsu ne aka sa wa riga, sai da ta ga 'yan dako suna hawa da buhu a ka kamar tururuwa. Yaro ya gina tasa dalar da ƙwayar gyaɗa, yana liƙawa da ƙaro. Washegari kaji suka yi kalaci da ita. Ya sake ginawa da tsakuwa.

To, ina mu mutanen Gwarzo da Kabo a cikin wannan labari? Dogo bai taɓa biyowa ta wajenmu ba. Ya wuce ta gabas zuwa Kano. Wani reshen ya wuce ta yamma, daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙaura Namoda, aka gama shi a 1929. Mu muna tsakiya, wajen kilomita 70 daga birni. Amma gyaɗarmu ta hau jirgi ko da mu ba mu hau ba. Kaka ta ce mahaifinta da jakuna yake kai tasa, a yi ayari, a kwana a hanya, a tashi da asuba. Daga baya aka kawo sikeli kusa, manyan motoci suka riƙa zuwa ɗauka. In ya dawo yakan zo da gishiri da kananzir da turmin atamfa da goro, duk kayan da jirgi ya sauke. Kwanoni da langa da fantekar da iyayenmu suka jera a ɗaki suna taƙama, ki bi sawunsu, a tashar nan za ki tsaya.

Yaro ya jera jakunansa shida a bakin ƙyaure, ya ce an gama. Kaka ta girgiza kai. Ta ce, “Maigida, buhunan nan da ka tara, wa ya cika su?”

Ya ce manoma. Ta ce, “Manomi ya tuge ya tara. Wa ya tsige ta daga jikin harawa? Wa ya zuba a turmi ya ɓare, ya sheƙe, ya tsince? Ka ga hannun nan?” Ta miƙa masa tafinta. Ta ce tun tana 'yar shekara bakwai take wannan aiki tare da uwarta da kishiyoyin uwarta, daga hantsi har la'asar, wata biyu ko uku kowace kaka. In an gama kwashe gona su bi da roro, abin da suka tono nasu ne. Da shi ake soya mai da ƙuliƙuli, da kuɗin ake zubin adashi, da adashin ake yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Babu wanda ya ɗauki hotonsu. Hoton dala aka ɗauka.

Wallahi 'yar'uwa, jikina ya yi sanyi. Na yi makaranta har aji shida na sakandare, na zana dalar gyaɗa a littafi, ban taɓa tunanin hannun kakata na ciki ba. Yaro bai ce komai ba. Ya ɗauko yumɓu ya yi turmi da taɓarya, ya yi mata uku da 'yar yarinya ɗaya. Ƙyaure ya cika, babu wuri. Sai ya jawo murfin tukunya ya ajiye can nesa, ya ɗora su a kai, ya ce nan ne Jama'a.

Ƙarshen dala sananne ne. Fari ya zo a 1973, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta cinye gonaki, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, kamfanonin matsar mai na gida suka riƙa shanye abin da ya saura. Manyan motoci suka ƙwace wa jirgi kaya, dogo ya lalace har ciyawa ta rufe shi a wurare. A Disamba 2012 aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano bayan gyara. A 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina, mai faɗi fiye da tsohon. Allah ya sa 'ya'yanmu su mori abin.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. Ran da kika ga ɗanki ko 'yarki sun tara kara da gwangwani, kafin ki ɗauki tsintsiya, ki tsuguna ki tambaya me ake ginawa. In kuma Allah ya bar miki tsohuwa a gida, ki zaunar da su kusa da ita. Abin da ke kan tsohuwa ba a rubuce yake ba, ran da ta tafi ya tafi. Mu tamu tashar ba ta kai ƙarshen hutu ba, akuyar maƙwabta ta cinye rabinta. Amma ki tashi yaron nan daga barci ki tambaye shi shekarar da dogo ya iso Kano, zai faɗa miki. Ki tambaye shi wa ya cika buhunan dala, zai nuna miki Kaka.

Allah ya jiƙan magabatanmu maza da mata, ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Amin.