Keken kuɗin gyaɗa

Hanyoyin ƙauye da muke bi da keke tsakanin Magarya da Dungas, jakuna da raƙuma ne suka fara taka su. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗarmu ta kama hanyar kudu, kuɗi suka shigo. Kakana ya ce a zamanin SONARA, kamfanin gyaɗa da aka kafa a 1962, manomin da kaka ta yi wa kyau sai ya tsallaka Najeriya ya sayo Raleigh. Farin 1973 ya karya gyaɗar, aka koma lallaɓa tsofaffin kekuna da faci. Yanzu wai Turawa na hawan burji don nishaɗi! Mu kam, inda rairayi ya yi zurfi wajen Wacha, dole ka sauka ka tura, alhali an riga an shiga aji.