Daga Majigi Zuwa Dogon Zango: Tarihin Kallo a Ƙasar Kazaure

Ƙasar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa sarautarta a farkon ƙarni na 19, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tare da Roni da Gwiwa da suke ƙarƙashinta, da kuma Babura maƙwabciyarta ta gabas wadda take bin Ringim, ƙasa ce da Allah Ya ajiye tsakanin Kano da Daura da Katsina da iyakar Nijar, ta yadda duk abin da ya taso daga waɗannan wurare, hajar fatake ne ko labari ko sabon yayi, sai ya ratsa ta. A sha'anin wasan kwaikwayo mutanenta sun fi zama masu karɓa bisa ga masu shiryawa, kuma wanda aka saba kawo wa kaya daga nesa lalle ne ya koyi tantancewa, domin haka suka gaji wani ma'auni na rarrabe wasan da ya cancanci a zauna masa da wanda ɓata lokaci ne kurum.

Wannan ma'auni ya girmi akwatin talabijin nesa ba kusa ba. Tun ana tatsuniya a ɗakin tsohuwa bayan sallar lisha, ana tashe a dararen azumi, 'yan kama suna kwaikwayon malamai a bakin kasuwa, jama'a sun yi ittifaƙi a kan cewa wasa nagari shi ne wanda ya ba da dariya kuma ya bar izina, wanda ya taɓa mai laifi ba tare da ya kama sunansa ba, kuma wanda uba zai iya ji a gaban ɗansa bai sunkuyar da kai ba.

Hoto mai motsi ya fara isa irin waɗannan garuruwa ne ta hanyar majigi, a zamanin En'e, lokacin da Kazaure take cikin Lardin Kano. Mota takan iso da la'asar ɗauke da injin wuta da farin ƙyalle, a yi shela cikin gari, a kafa ƙyallen a ƙofar fadar hakimi, bayan magariba maza su zauna gefe guda, mata da yara gefe guda, sa'an nan wani ma'aikaci ya riƙe lasifika yana fassara abin da ake gani, yana ƙara gishiri gwargwadon fasaharsa, har ya zamana sau da yawa daɗin kallon ya rataya ga bakinsa fiye da hoton. Abin da ake nunawa galibi wa'azin hukuma ne game da tsabta da allurar rigakafi da yaƙi da jahilci da noman zamani, irin su Baban Larai na shekarun 1950, kuma tun daga nan talakawa suka riƙa ɗaukar kallo a matsayin makaranta wadda ake shiga ba da allo ba.

Talabijin kuwa ya fara a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata a Kaduna cikin 1962, amma shekaru da dama abin bai wuce manyan birane ba, sai rediyo ya riƙe ƙauye da wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Al'amarin ya sauya bayan an buɗe tasha a Kano, aka haɗa tashoshin ƙasa ƙarƙashin hukumar NTA cikin 1977, sa'an nan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wa Jihar Kano tata tashar, watau CTV, wadda a yau ake kira ARTV. Da yake har zuwa 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, waɗannan garuruwa huɗu duk cikin Jihar Kano suke, tashoshin Kano su ne nasu, sai dai nisan kimanin kilomita 80 da duwatsun Kazaure da Roni sun sa kamun hoto ya zama aiki. Mai akwati yakan ɗaura eriya a kan doguwar gora, ya jona akwatin da batirin mota inda babu lantarki, ya fito da shi ƙofar gida a ɗora bisa tebur, a sa wani yaro ya riƙa murɗa gorar sannu a hankali, jama'a suna yi masa tsawa, «Koma baya kaɗan! Ya yi, tsaya nan!», kuma ba safai yaron nan yake ganin farkon wasan ba.

A wannan zamani ne aka san taurarin da har yau dattawa suke auna na baya da su. Akwai Usman Baba Pategi, mai Samanja Mazan Fama, wanda tsohon soja ne na haƙiƙa, ya ɗauko Hausar bariki da tsawar fareti ya mayar da su abin dariya, ya rage wa talaka tsoron kaki a lokacin da soja suke mulki. Akwai Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya fito kuma cikin Magana Jari Ce, littafin Alhaji Abubakar Imam da gidan talabijin na Kaduna ya mayar wasa. Akwai Karkuzu daga Jos, da Idon Matambayi daga Sakkwato, da Kuliya Manta Sabo a Kano, wanda ya shigar da mutane zauren alƙali suka ga yadda ake da'awa da kawo shaida da yanke hukunci. Ba a rubuta sharhin waɗannan wasanni a jarida domin mutumin Gwiwa ko Babura ba. Sharhinsu a teburin mai shayi ake yinsa da safe, da majalisar dattawa bayan la'asar, inda wani zai ce alƙalin jiya ya yi adalci, wani ya kawo hujja daga Risala ko Iziyya cewa bai yi ba, a yi ta muhawara har mako ya zagayo. Jiran mako guda tsakanin kashi da kashi shi ne ya ba da sararin wannan tattaunawa, kuma ita ce ta sa wasan da ba shi da ma'ana yakan mutu da wuri, domin ba wanda zai ɗauke shi zuwa majalisa.

Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kaset ɗin bidiyo ya kori wasan mako-mako, gidajen kallo na kuɗi suka yawaita, rawa da waƙa irin ta Indiya suka mamaye finafinai, malamai suka yi inkari, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai cikin 2001. Shekaru fiye da ashirin aka yi ana kallon labarin da yake ƙarewa a dare ɗaya.

Komowar shiri mai dogon zango ta zo ne da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014, a daidai lokacin da faranti mai kama tauraron ɗan'adam da wutar sola suka yi araha har suka hau rufin gidajen ƙauye. Idan aka ɗora shirye-shiryen wannan zamani a bisa tsohon ma'auni, Daɗin Kowa ne yake kan gaba, domin ya gina gari sukutum da malaminsa da almajiransa da 'yan gudun hijira da 'yan ƙwaya da maƙwabta Musulmi da Kirista, kuma rigimar Kamaye da matarsa Adama ta nuna talauci da haƙurin aure ba tare da ƙawa ba, ko da yake tsawonsa ya sa wasu zaren labarin sun yi sako-sako. Kwana Casa'in, wanda ya fara cikin 2019 a wata jiha ta ƙage mai suna Alfawa, ya fi dacewa da magidanta, gama ya tona yadda ake sayen ƙuri'a da 'yan jarida da 'yan daba, abin da mai zaɓe a Roni ya sani sarai amma bai saba ganin an faɗe shi a fili ba. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi dariya ce zalla a zahiri, alhali a baɗini nasiha ce mai ɗaci ga mai tara 'ya'ya bai yi musu tarbiyya ba, su kuma suna zaman jiran gado. Labarina na Aminu Saira, daga 2020, ya fi su kyan hoto da iya riƙe zuciyar mai kallo, sai dai duniyarsa ta masu kuɗin birni ce, kuma matasa sun fi dattawa samun abin ɗauka a ciki. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya yi suna ta YouTube, ya kyauta wajen fifita gaskiya da riƙon amana, illa dai wa'azinsa yakan fito tsirara, har wani lokaci ya rinjayi labarin.

Abin da ya sauya ƙwarai a yau shi ne yanayin kallon kansa. Saurayi yakan je shagon caji a kasuwar Kazaure ko ta Babura, ya ba da kuɗi kaɗan a tura masa zango guda cikin waya, ya toshe kunnuwansa ya kalle shi shi kaɗai a dare biyu, ba jiran mako, ba majalisa, ba dattijon da zai ce masa wannan hali da aka nuna ba namu ba ne, kuma cikin abin da ake turawa har da fassarar finafinan Indiya da wasu shirye-shirye barkatai da ba su bi ta hannun kowace hukuma ba. Shirye-shirye nagari ba su yi ƙaranci ba, hasali ma sun fi na da yawa da kyan aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman da ake tace su a cikinsa. Saboda haka maigidan da yake tambaya wane shiri ya kamata iyalinsa su kalla, amsar da ta fi kowane jerin sunaye amfani ita ce ya zauna ya kalli kashi ɗaya tare da su, ya ji abin da kowa ya fahimta, ya faɗi nasa, domin shirin da ya jure wa wannan zama ya cancanci a ci gaba da shi, wanda kuwa ya sa aka rasa inda za a sa ido, to, hukuncinsa ya riga ya fito.