Tsakanin Kano da Jidda

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda, tazarar ta kai kimanin kilomita 3,400, tafiyar da ba ta wuce sa'a biyar ba in hanya a buɗe take. Mu da muke zaune a Nassarawa, da zarar lokacin aikin Hajji ya ƙarato, ƙugin jirage ne ke sanar da mu. Amma a ganina alƙaluman nan suna ɓoye wata gaskiya: jirgin sama bai fitar da Sudan daga cikin tafiyar ba.

Kafin zuwan jirgi, mai niyyar Makka yakan yi sallama da iyalinsa kamar wanda ba zai dawo ba. Ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, har ya isa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare, sai ya yada zango, ya yi noma ko ƙwadago damina ɗaya ko biyu, sannan ya ci gaba. Tafiyar kan ci shekaru. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu kuma sun ƙarasa amma ba su komo ba. Gonakin auduga na Jazira suka riƙe su. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a ta wannan hanya, kuma garin da suka zauna a Sudan har yau sunansa yake amsawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hanyar da jirage suka zaɓa. A 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, sun taso daga Helwan ta Masar a ƙarshen Oktoba suka sauka Kano a farkon Nuwamba. Ta Khartum da Fashir da Fort Lamy da Maiduguri suka biyo, wato sawun mahajjata suka bi, sai dai su yamma suka nufa. Da aka fara jigilar yau da kullum a 1936, Khartum ɗin ce dai ta haɗa Kano da sauran duniya.

Sannu a hankali zango ya ɓace. Alhaji ya daina kwana a Fashir, ya daina koyon Larabcin kasuwa, ya daina auren 'yar wani gari a hanya. Sudan ta koma yashin da ake hange ta taga, in ma an leƙa.

Sai ga Afrilun 2023. Yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da jigilar alhazai. Dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙara sa'o'i, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗin kujera. A ƙasa kuwa, cikin waɗanda wutar ta rutsa da su har da jikokin mahajjatan da suka tsaya neman guzuri.