Daga Toshewa Zuwa Tsayawa: Tarihin Ma'anonin Kalmar "Stop" ta Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Kalmar "stop" tana cikin kalmomin Ingilishi da ko wanda bai yi boko ba yakan gane su, kuma akasari da "tsaya" ake fassara ta. Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmar domin nuna cewa tsayawa ba ita ce ma'anarta ta farko ba, kuma sanin haka yana da amfani ga mai fassara da mai ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi.

2.0 Asalin Kalmar

Mafi yawan masana suna danganta kalmar da "stuppa" ta Latin, wadda ita ma aro ce daga Girkanci. Ma'anarta ita ce tarkacen zare mai kama da na rama, wanda ake cusawa a tsagar jirgin ruwa don hana yoyo. Daga nan aka sami aikatau "stuppare", wato cusa wannan tarkace a kafa. A tsohon Ingilishi an sami "forstoppian" da ma'anar toshewa. Har yau "stopfen" a Jamusanci cusawa take nufi, "étoupe" kuwa a Faransanci ita ce tarkacen zaren kansa. Ke nan aikin kalmar na fari shi ne toshe kafa.

3.0 Yaɗuwar Ma'ana

Sai a ƙarni na 15 ne ma'anar tsayawa ta bayyana. Dalilin a fili yake: idan aka toshe kafa, abin da ke gudana ya tsaya, sai aka ɗauki sunan sanadi aka ba sakamako. A Ingilishi ne wannan sauyi ya auku, daga baya Faransanci da Jamusanci suka ari sabuwar ma'anar. A ƙarshen ƙarni na 16 aka fara kiran ayar rubutu "full stop", a zamanin wayar tangaraho kuma akan rubuta kalmar ɗungurungum a madadin aya.

Zuwan mota ne ya kai kalmar ko'ina a duniya. An fara kafa allon tsayawa a birnin Detroit na Amurka a shekarar 1915. An tsayar masa da siffa mai kusurwa 8 a farkon shekarun 1920, aka mayar da launinsa ja a 1954, sannan Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan alamomin hanya ta amince da shi. Shi ya sa ake ganin kalmar a titunan Faransa da Jamus da Nijeriya, alhali Turkiyya tana rubuta "dur", Brazil tana rubuta "pare".

Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. "Stopper" marfi ne da ake toshe bakin kwalba da shi. A fannin shari'a, "estoppel", wadda ta shigo ta tsohon Faransanci daga tushe guda, ita ce ƙa'idar da ke toshe wa mutum hanyar musanta abin da ya riga ya tabbatar.

4.0 Matsalar Fassara

Abin da Ingilishi ya tara a kalma ɗaya, Hausa ta rarraba shi. Akan toshe rami, a tsayar da mota, a daina shan taba, a hana yaro fita, a dakatar da biyan kuɗi. Wanda ya sa "tsaya" a duk waɗannan gurabe ya yi wa Hausa ta'adi.

Lamarin ya fi fitowa a ilimin furuci. Baƙaƙe irin su /b/ da /t/ da /k/ sun sami sunan "stop" ne saboda gaɓoɓin furuci suna toshe mafitar iska gaba ɗaya kafin su sake ta. Masana Hausa sun kira su "tsayau", suka dubi halin da iska ta shiga, wato sakamako, ba aikin gaɓoɓin ba. Sunan ya zauna, ba a kuma neman canza shi, amma wajibi ne malami ya bayyana wa ɗalibi cewa toshewa ce ta haifar da tsayawar.

5.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar ta faro daga tarkacen zare, ta koma toshewa, sannan tsayawa. Ya kamata mai fassara ya tantance wace ma'ana ce ke gabansa kafin ya zaɓi kalmar Hausa, kuma masu tsara ƙamus su jera ma'anonin bisa tarihinsu.